Faranti Mai Lamba Tara

Shekara ashirin da shida ina dafawa tana aunawa. Ni ce shugabar kicin a asibitin yara, ita kuma masaniyar abinci ce, wadda ke tsara abin da kowane yaro marar lafiya zai ci da yawan da zai ci. Sunanta yana nan a rubuce a ƙofar ofishinta, amma ban taɓa jin wanda ya kira ta da shi ba. Tun satin da ta kama aiki ake ce mata Malama Sikeli, kuma ni na laƙaba mata, ba zan ɓoye ba.

Ranar da ta fara shigo min kicin, wata 'yar siririya ce cikin farar riga da ta yi mata yawa, rungume da sikeli a ƙirji. Ta tarar ina barbaɗa gishiri a miya. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ta ce, "Giram nawa kika zuba?"

Na ce, "Daidai na zuba."

Ta ce, "Daidai ba lamba ba ce, Uwar Kicin."

Na gaya mata hannun nan nawa ya fi sikelinta sanin aiki. Ba ta yi musu ba. Ta ajiye sikelin a kan tebur, ta ce in ɗebo mata irin wanda na zuba har sau uku. Na ɗebo sau uku, sikeli ya nuna lamba uku, babu wadda ta yi kusa da 'yar'uwarta. Ranar na ji haushinta har cikin raina, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne tana da gaskiya.

Ita ta kawo mana tsarin farantai. Kowane gado da farantinsa na roba, da lambar gadon a gindinsa da jan fenti. Kafin abinci ya bar kicin a auna shi, in farantin ya dawo a sake aunawa, abin da ya ragu a tsakani shi ne ya shiga cikin yaro. Takan ce yaro ba zai iya faɗin abin da ya ci ba, uwa kuma kunya ko tsoro kan sa ta ƙara, amma faranti ba ya ƙarya. Na ji wannan magana daga bakinta ya fi sau dubu.

A shekarun farko da hannunta take yi. Sai ta ja kujera bakin ƙofar ɗakin yara, tana karɓar farantai ɗaya bayan ɗaya, ta juya ta duba, har shinshinawa take yi. Ta san yaron da ke tsince karas ya tura gefe, ta san wanda ke shanye romo ya bar kifi. Littattafan da ta cika, in aka jera su, za su kai min ƙugu. A cikinsu ta gano cewa yaranmu da suka tashi daga dogon zazzaɓi, in aka tula musu abinci sai su kawar da kai, in aka sa kaɗan-kaɗan sau biyar sai su share. Wato ta ƙara min girki biyu a rana ke nan, kuma har yau ban yafe ba. Amma na ga yaran da aka kawo a hannu ko wuya ba sa iya ɗagawa, sun fita da kumatu suna jan zanin uwayensu. Shi ya sa na ci gaba da dafawa ina ƙunƙuni.

Ta rubuta abin da ta gano aka buga a mujallun masana. Ta koma karatu ta dawo da ƙarin digiri, ta shiga yawon taro, tana dawo min da jakunkuna masu tambari ina zuba albasa a ciki. A ƙarshen wata takarda ta yi godiya ga "shugabar kicin, wadda ba ta taɓa sauya ma'auni a ɓoye ba". Ƙaryar alheri ta yi min, domin na taɓa, sau biyu. Duk da haka na sa an yi wa shafin firam, yana nan rataye a saman firij. Daga baya aka mayar da ofishinta hawa na biyu, aikin awo ya koma hannun wata ma'aikaciyar ɗakin yara, mace mai amana da ba ta taɓa tsallake faranti ba. Ita take aunawa ta rubuta, da yamma a hau wa Malama da takarda.

Saura wata ɗaya Malama ta yi ritaya aka kawo yarinyar gado na tara. Shekararta biyu da rabi, zazzaɓi ya zuƙe ta, ido kawai ya rage a fuskar. Uwarta na gida da ɗanyen goyo, sai kakarta ta zo jinya, wata gajeriyar tsohuwa tsaf-tsaf wadda ke ninke bargon asibiti kullum safe kamar za a zo dubawa. Nas-nas suka sa wa yarinyar Gimbiya, saboda yadda take ƙare wa mutum kallo daga sama har ƙasa sannan ta kawar da kai.

Zazzaɓi ya sauka. Malama ta tsara mata abinci: shinkafa mai laushi da wake, dafaffen ƙwai, kifi, ayaba da niƙaƙƙiyar gyaɗa, ga madara sau biyu. Takardar awo ta dinga hawa sama da labari mai daɗi. Gado na tara, ragowa sifiri. Safe sifiri, rana sifiri, yamma sifiri. Har Malama ta sauko da kanta ta ce min, "Kin ga yarinyar kirki? Ko ƙwaya ba ta bari." Na ce ai girkin ne, ta ce ai tsarin ne, muka rabu a kan haka.

A kwanakin ne kuma na lura da magen da ke yawo a bayan ɗakin yara. Wata ramammiya ce da na daɗe ina kora daga bakin kicin, sai ga shi ta yi ɓul-ɓul, gashi na sheƙi, tafiya ma sai ta ga dama. Na ce wa mai gadi magen nan ciki ne da ita. Ya ce, "Uwar Kicin, ai muzuru ne." Na yi dariya na wuce, ban kawo komai a raina ba.

Sai dai sikelin awon yara ya ƙi yarda da takardar Malama. Kwana goma sha biyu, Gimbiya ba ta ƙara ko giram ɗaya ba, har ma ta ɗan ragu.

Ranar Laraba na kai keken abinci na tarar da babban likita tsaye a gado na tara, Malama na gefensa. A kunnena ya ce, "Malama, yarinyar da ke cinye duk wannan kuma ba ta ƙaruwa, cikinta ne ba ya karɓa. Mu nan ba mu da kayan dubawa. In nauyinta bai motsa ba zuwa Litinin, zan tura ta babban asibiti su zura na'ura su duba hanjin."

Babban asibitin tafiyar yini guda ce, kuma a sashen da za a kai ta ba a barin mai jinya ta zauna a gefen gado. Yarinyar da ko nas ba ta yarda ta ɗauke ta, za a kai ta hannun baƙi da roba a hanci. Tsohuwar ta kama ƙarfen gadon da hannu biyu.

Washegari Malama ta mamaye min kicin. Ta gwada kowane sikeli da duwatsun awo, ta buɗe garwar mai ta leƙa, ta sa na dafa abincin gado na tara a gabanta tana tsaye a kaina. Sannan ta yi ƙasa da murya ta ce, "Tsakani da Allah, ba ki rage mai ba?"

Na ce, "Da na rage da sauran yara ashirin da tara sun rame. Ko kin ga alama?"

Ta ba ni haƙuri, abin da ba kasafai take yi ba. Daga nan ta je wurin kakar, ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta iya tambayarta ko takan ɗan taya yarinyar ci.

Tsohuwa ta dafe ƙirji. "Ni? In ci abincin marar lafiya? Allah ya sawwaƙe, Malama. Ɗana na kawo min nawa."

"To ita tana ci, Inna?"

"Tana taɓawa, mun gode Allah."

Malama ta ji wannan "taɓawa" ta ɗauka irin kawaicin tsofaffi ne, tunda takarda ta ce sifiri. Ta dawo kicin ta zauna a kan buhun shinkafa, ta cire tabarau tana murza ido. Ta ce, "Shekara ashirin da shida ban taɓa tura yaro gaba ban san dalili ba. A watana na ƙarshe zan fara?" Tausayinta ya kama ni. Na haɗa mata shayi na zuba sukari da ka, ta shanye ba ta tambayi cokali nawa ba. A nan na san abin ya kai mata.

Ranar Juma'a mai wanke-wankenmu ba ta zo ba, 'yarta ta haihu. Na naɗe hannun riga na tsaya a kan farantan safe da kaina, rabona da haka an jima. Farantin yaro abin kallo ne. Ga sawun yatsu, ga shinkafa manne a gindi, wani har an gatsa bakinsa. Ina cikin yi na ɗauko wani, sai na ji shi ƙamas a hannuna. Babu maiƙo, babu ɗigon romo. Na juya, lamba tara. Na kai hanci, sai ƙamshin sabulu mai lemun tsami, wanda ba irin namu ba.

'Ya'ya biyar na raina. Na ga mai lashe faranti, na ga mai kifa shi a ka, amma ban taɓa ganin yaron da ya ci abinci har farantin ya yi ƙamshin sabulu ba.

Na hau bene da jiƙaƙƙen gaba, gwiwoyina na tsine min. Na tura ƙofar Malama ba sallama na kai mata farantin hanci.

"Shinshina."

"Uwar Kicin, mene ne haka?"

"Ke kika koya min. Shinshina."

Ta shinshina. Ta karɓa ta juya shi, ta goga yatsa a ciki ya yi ƙara. Sannan ta ce, "Wankakke ne."

Na ce, "Kwana goma sha huɗu kina auna wankakken faranti."

Aka kira mai awo. Baiwar Allah ta ce, "Ai kullum haka yake zuwa, Malama. Kin ce in rubuta abin da sikeli ya nuna, shi nake rubutawa." Gaskiyarta ne kuwa. Mai wanke-wanke ma daga baya ta ce ita ta daɗe da gani, murna ma take an rage mata guda.

Da rana muka laɓe ni da Malama a bayan tagar baranda, manyan mata biyu kamar masu gulma. Aka raba abinci. Tsohuwa ta ja labulen gado, amma ta wurinmu ana gani. Ta ɗora Gimbiya a cinya, ta ɗebo a cokali ta hura, ta lallaɓa, ta yi mata kirari, ta roƙe ta. Gimbiya ta karɓi cokali ɗaya, ta karɓi na biyu, ta datse baki ta juya wa bango fuska. Madarar ce kawai ta kurɓa rabi. Sun fi rabin awa a haka. Da tsohuwa ta ga ba ci, sai ta rufe farantin da gefen mayafi ta bi ta ƙofar baya sumumu-sumumu. Muka bi ta.

A bakin famfo muzurun nan yana zaune yana jira, ko miƙewa bai yi ba. Ta juye masa komai, ƙwai da kifi da duk giram ɗin Malama. Ta kwance bakin zani ta fito da guntun sabulu, ta cuɗa farantin ciki da baya, ta ɗauraye, ta goge shi tas. Tana juyowa ta gan mu.

Malama ta rusuna ta ce, "Sannu da aiki, Inna. Me ya sa kike wankewa?"

Tsohuwa ta dube ta da mamaki, kamar an tambaye ta me ya sa take gaishe da mutane. Ta ce, "Yo Malama, an dafa an kawo min har gado, ban ɗebo ruwa ba ban hura wuta ba, sai kuma in mayar wa mutane kwano da datti? Kuma da abincin a ciki, kamar na ce bai yi daɗi ba? Wadda ta sha zafi ta dafa, in ta ga an dawo mata da shi, yaya za ta ji?"

Ina tsaye a wurin, ba ta san ni ce ba. Shekara ashirin da shida ragowa na dawo min keke-keke, babu mahalukin da ya taɓa tunanin yadda nake ji sai wannan tsohuwa. Na shiga gyara ɗankwali.

Malama kuwa kallon muzurun ta yi, yana ta fama da kifi, sai dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har ta dafa bango. Ta ce, "Uwar Kicin, ko ba komai tsarin yana aiki. Dubi wuyansa."

Da ta natsu ta kama hannun tsohuwar. "Inna, ragowar nan ita ce wasiƙar da jikarki take rubuto min kullum. Da ita nake sanin abin da ta ci. Ke kuma kina goge min kafin in karanta. Mun ɗauka tana cinyewa ne cikin ya ƙi karɓa, shi ya sa likita ya ce a tafi da ita."

Sai da maganar ta ɗan jima kafin ta shiga. Tsohuwa ta zauna a dakalin famfo a hankali, sabulun na hannunta. Ta ce, "Wato ni na jawo mata?"

"A'a," in ji Malama. "Ni ce na daina zama a bakin ƙofa."

Ta zauna kusa da ita a kan jiƙaƙƙen siminti da farar rigarta, ta tambaye ta abin da ya kamata a ce an tambaya tun ranar farko: a gida yaya yarinyar take cin abinci?

Fuskar tsohuwa ta sake. "A gida? Ai sai an riƙe ta. Su huɗu ne da yayyenta a tire ɗaya, duk wanda ya yi sanyi ya tashi da yunwa. Cokali kuwa ba ta san shi ba. Kuma ba ta son na gabanta, na gaban wani take so. Halin kakanta ne, Allah ya jiƙansa."

Kafin abincin la'asar Malama ta sami izinin likita. Ta zaɓo yara uku da suka warware, waɗanda ba su da cutar da za a ɗauka, ta sa aka shimfiɗa tabarma a tsakanin gadaje, aka wanke musu hannu. Kowa aka ajiye masa farantinsa mai lamba, an auna shi tsaf. Gimbiya na cinyar kakarta tana hararar kowa. Nata farantin ko kallo bai ishe ta ba. Idonta na kan yarinyar gado na huɗu, wata mai ci da hannu biyu, da rabin ƙwai a gefen farantinta tana ajiyar sa sai ƙarshe.

Can sai Gimbiya ta zame daga cinyar, ta rarrafa, ta miƙa wannan siririn hannu ta fizge ƙwan ta cusa a baki gaba ɗaya. Ta huɗu ta tsala ihu ta kai wa faranti na tara cafka. Gimbiya ta ga ana taɓa nata, ta koma ta kare shi da jiki tana dumbuza tana turawa. Kafin ka ce me, shinkafa ta tashi daga wannan faranti ta sauka a wancan, ayaba ta bi ta ƙarƙashin gado, uwaye na ta dariya suna raba faɗa.

Mai awo na tsaye da biro a hannu kamar za ta yi kuka. Ta ce, "Malama, yanzu me zan rubuta? Na huɗu ya koma na tara, na tara ya shiga na shida."

Malama na zaune a tabarma, ƙafa a miƙe, shinkafa a hannun riga, idonta bai bar bakin Gimbiya ba. Ta ce, "Bar shi. Yau da ido zan auna."

Na ajiye ludayi. Na matso kusa don kada in ce kunnena ne. Na ce, "Malama, giram nawa ta ci?"

Ta ɗago ta dube ni, ta san inda na dosa. Ta ce, "Daidai ta ci."

Na jira wannan rana shekara ashirin da shida, kuma ta zo min da daɗi fiye da yadda na zata.

Asabar da Lahadi ba ranakun aikin Malama ba ne, amma ta zo, ni ma na zo. Ta ɗauko ɗan littafi tana jan layi ɗaya a kan kowace loma. Ta kuma gano wata dabara. Sai ta sa in zuba rabon Gimbiya a wani faranti dabam, ta ajiye a gabanta ita Malama, ta kare shi da hannu tana cewa, "Wannan nawa ne, kada wanda ya taɓa." Sannan ta juya kai kamar tana kallon taga. Gimbiya ta lallaɓo ta kwashe. Malama ta juyo ta ga wayam, ta rufe fuska tana kukan ƙarya. Matar da ake tashi tsaye in ta shiga ɗakin taro, ga ta tana shessheƙa a kan rabin ƙwai. Ranar Lahadi da rana muka fara jin dariyar Gimbiya, wata 'yar ƙarama mai kama da shaƙuwa.

Litinin da safe ɗakin ya cika. Ba ni da aiki a wurin amma na ƙirƙiro, na ce na zo ƙirga kofuna. Aka tuɓe wa Gimbiya riga aka ɗora ta a sikeli tana ta harbe-harbe, abin da ba ta da ƙarfin yi sati biyu da suka wuce. Nas ta duba ta ce, "Ta ƙara giram ɗari biyu da talatin."

Likita ya ce a sake. Aka sake, haka ɗin ne. Ya dubi takardar turawa da ya riga ya sa wa hannu, ya ninke ta huɗu ya cusa a aljihu. Ya ce, "Malama, a ci gaba da faɗan tabarma."

Tsohuwa ta jawo hannuna. "'Yata, me suka ce?"

Na ce, "Ba inda za ku je, Inna, sai gida."

Ta ɗaga hannu sama tana godiya, hawaye na bin kumatunta. Malama ta juya baya tana goge tabarau wanda ba abin da ya same shi. Wanda kawai bai ji daɗin lamarin ba shi ne muzuru. Cikin sati guda ya fara zubewa, in na wuce sai ya bi ni da kallon tuhuma.

Abu ɗaya ne ya gagara. Duk bayanin da aka yi, tsohuwa ba ta iya ganin faranti da datti ta ƙyale. Sai da aka sa mai awo gadi, da an gama ci ta kwashe kafin hannun Inna ya kai. Ita kuwa Malama tana son lamba ɗaya ta gaskiya da za ta rufe fayil ɗin da ita. Zuwa sati na huɗu Gimbiya ta soma cin na gabanta in dai akwai wasu a kusa, sai Malama ta roƙi tsohuwar alfarma: ranar sallama, in yarinyar ta ci na rana, ta kawo mata farantin da hannunta yadda yake. Tsohuwa ta ce za ta gwada, amma ba ta yi alkawari ba.

Ranar sallamar ta zo daidai da ranar ƙarshe ta Malama. An so a yi mata walima a ɗakin taro, ta ce ita a kicin take so. Muka ja tebura, likitoci da nas-nas da tsofaffin ɗalibanta suka cika wurin har bakin murhu. Aka yi jawabai, aka lissafa takardun da ta buga da yaran da suka bi ta hannunta, aka ba ta agogon bango. Ni na dafa, kuma ranar ban auna komai ba, kowa ya ce ya yi daɗi.

Ana cikin ci ƙofa ta buɗe. Tsohuwa ce cikin kayan tafiya gida, Gimbiya na tafe da ƙafarta riƙe da bakin zaninta, kumatu sun fara fitowa. Tsohuwar na ɗauke da wani abu a rufe da farin ƙyalle, ta nesanta shi da jikinta, kanta a ƙasa. Ta ratsa manyan mutanen nan har gaban Malama, ta yaye ƙyallen.

Faranti mai lamba tara ne. Maiƙo ko'ina, sawun 'yan yatsu huɗu ya zagaye shi, ga ƙayar kifi ɗaya da 'yan ƙwayoyin shinkafa a gefe.

Ta ce, "Ga wasiƙarki, Malama. Na haura saba'in ban taɓa yin abin kunya irin wannan ba, kuma a gaban jama'a. Ki karanta da sauri."

Malama ta karɓa da hannu biyu. Ta juya shi, ta duba, ta kai hanci ta shinshina kamar yadda take yi a da. Na miƙa hannu saman kanta na sauko da tsohon sikelin nan da ta shigo min da shi ranar farko, na goge ƙurar da gefen zani na ajiye mata. Ta ɗora. Ragowa giram shida. Ta buɗe shafin ƙarshe na littafinta ta rubuta, hawaye na ɗiga a kan takardar ba ta damu ta ɓoye ba. Ni ma na yi, kuma babu albasa a kusa da zan ɗora wa laifi.

Tsohuwa ta ɗan jira, sannan ta ce, "Kin gama karantawa?"

"Na gama, Inna."

"To ba ni in wanke."

Kicin ya ɗauki dariya. Malama ta cire farar rigarta ta miƙo min, ta naɗe hannu ta ce, "Tare za mu wanke." Shekara ashirin da shida ban taɓa ganin ta wanke ko cokali a kicin ɗina ba. Tsohuwa ta kwance bakin zani ta fito da guntun sabulunta, tana cuɗawa Malama na ɗauraya. Hankalin kowa na kansu, Gimbiya ta lallaɓa ta bayan babban likita ta ɗauke masa ƙwai daga faranti.